Yatsan da Kaka Ba Ta Sa wa Lalle

Akwai labari guda ɗaya da kakata ta kwashe lokacin sanyi uku tana ba ni, ban ji ƙarshensa daga bakinta ba, kuma laifina ne. Gara in faɗi haka tun yanzu, kada in yi nisa in fara wanke kaina, don na san halina.

A garin Germantown na Amurka muke zaune lokacin, cikin irin gidajen nan masu bene da ke manne da juna hagu da dama, ba nisa da babbar hanyar 270. Abba yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington, ya fita ya kama jirgin ƙasa tun ba mu tashi ba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Mama nas ce, aikinta ba shi da tsayayyen lokaci. Ina da shekara goma sha ɗaya, ƙanena Sadik yana da huɗu. Da reno ya gagara sai aka nemo wa mahaifiyar Abba biza ta zo daga Kano. Zuwa uku ta yi, kowanne wata shida, kuma kowanne sai ya faɗo a tsakiyar sanyi kamar da gangan. Sunanta aka sa mini, Hadiza, shi ya sa Abba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Mamana. Ita kuwa Takwara take ce mini.

Ranar da ta fara sauka, masu binciken kaya a filin jirgi suka kwashe mata kilishi da daddawa da wani ƙullin magani da ta rantse na ciwon gwiwa ne. Da mita ta shigo gida. Abu ɗaya ne ya tsira cikin waɗanda take ji da su, wani kaset ɗin bidiyo da ta naɗe cikin tsohon ɗankwali, takardar jikinsa ta goge har ba a iya karanta komai. Fim ɗin Indiya ne. Ta ce ba irin Indiyancin da aka saba ji a Kano ba ne, wani ne daban mai gudu a baki, kuma ta kalle shi ya fi a ƙirga. Ko kalma ɗaya ba ta ji, amma wannan bai taɓa damunta ba.

Ranar Asabar muka zauna za a kalla. Abba ya tura kaset, sai hoton ya dinga birgima daga sama zuwa ƙasa, layi-layi baƙi da fari, muryoyin kuma suka koma sirara suna sauri kamar ɓeraye na faɗa a cikin kwali. Sadik ya kwanta a ƙasa yana dariya. Abba ya fitar, ya hura, ya mayar, bai canza zani ba.

"Inna," ya ce, "kaset ɗin gida ba ya yi a bidiyon ƙasar nan. Tsarin nasu daban ne."

Kaka ba ta kalle shi ba, ni ta kalla. "Takwara, tambayar mini mutumin rediyo, shi ma kaset ɗin sai an buga masa biza?"

Haka take magana da shi. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta cika haɗa ido da shi ba, saƙonta sai ya bi ta kaina ko da kuwa yana zaune a gabanta. Ni a lokacin abin dariya yake ba ni. Abba ya yi alkawarin zai kai kaset ɗin inda ake juya shi ya koma na Amurka, aka ɗora shi a kan kantar falo, kuma a nan ya ci gaba da zama.

A falonmu akwai murhun ɗumama ɗaki na gas, mai gilashi a gaba, da itatuwan da ba na gaske ba a ciki. Makunninsa a jikin bango yake kamar na fitila, ka danna wuta ta tashi, ka danna ta mutu. Kaka ta zagaya shi ta leƙa, ta ce wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, icenta ba ya ƙarewa, ita ba ta yarda da ita ba. Amma sanyin Maryland ba ya tambayar ra'ayin kowa. Kafin sati ya cika ta mayar da dardumarta gaban murhun. Makunnin ne dai ta ƙi taɓawa fir. Tun ƙarfe biyar gari ke rufewa a watannin nan, da an idar da magariba sai ta miƙe ƙafafu ta ce, "Takwara, hura mana wutar ƙarya."

A gaban wannan wutar ta yanke shawarar tunda bidiyon ya ƙi, ita za ta nuna mana fim ɗin da baki. Ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya ba. Ta ce wannan labarin baƙuwa ce daga Indiya, ba a shigo da baƙuwa sai da izinin masu gida. Ita za ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, an yi mata shimfiɗa." In ba a amsa ba, ba labari. Doka ta biyu ta fi tsauri: daga an kunna wutar nan, Turanci ya tsaya a waje. Mu kuwa irin yaran nan ne da ake yi musu Hausa su mayar da Turanci. In na yi tambaya da Turanci sai ta juya ta kalli bango ta ce, "Wani ya yi magana? Na ji kamar tukunya na tafasa." Haka nan zan zauna ina lalubo kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana jira, ba ta taimaka mini sai na gaza sau biyu. Duk Hausar da nake rubutu da ita yau a kan wannan dardumar na tsince ta.

Jarumar fim ɗin, in ji Kaka, sunanta Delu. Na ce mata Indiyawa ba sa sa wa 'ya'yansu Delu. Ta ce, "Ke kika raɗa mata suna?"

Delu mace ce doguwa mai jan mayafi, ungozoma a wata 'yar asibitin sha-ka-tafi da ke bakin titi a garinsu. Matan garin ne suka ɗebo ruwa da yashi a ka aka gina ta, don sun gaji da haihuwa a hanyar birni. Bos ɗin kuwa Ciyaman ne, mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Da farko maganin da gwamnati ke aikowa ya dinga saukewa a gidansa, sai zaɓe ya matso a fito da shi a raba da sunan kyautarsa. Delu ta je har ofis, a gaban jama'a, ta faɗa masa ta san inda maganin yake kwana. Daga nan ya sa ido a kan filin asibitin, yana so ya ba surukinsa ya gina gidan mai. Ya turo mata ƙarti su tsorata ta, suka same ta tana daka.

Nan ne wurin da Sadik ke jira. Kaka za ta ɗauki sandar mofar goge ƙasa ta zama taɓarya, ta manta da ciwon gwiwa. "Na farko ya zo da gudu, tim! Sai ga shi a kan buhun shinkafa. Na biyu ya ɗago gora, ta ce bismillah, kaf! Haƙoransa suka riga shi isa gida." A zuwanta na farko ƙartin bakwai ne. A na biyu sun zama goma sha biyu, a na uku na daina ƙirgawa. In aka zo wurin waƙa sai ta yarfe hannu ta ce, "Nan suka fita lambu suka yi ta tsalle-tsalle, ba da mu ba." Wani lokacin ta shigo da wata ƙawar Delu mai surutu, wani lokacin ta manta da ita gaba ɗaya, in na tuna mata ta ce ta tafi biki.

Wuri ɗaya ne ba ya canzawa ko da kalma guda. Ciyaman ya gane duka ba zai yi ba, kuma filin ba zai taɓu ba sai matan da suka gina asibitin sun yarda a rubuce. Aka fito da takarda, kowace mace ta dangwala yatsa. Delu ta bi gida-gida tana cewa, "Kowa ta riƙe yatsanta." Matan suka ce mata, "In kin riƙe, mun riƙe." Sai rannan Ciyaman ya aika a kira ta ita kaɗai. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi. A kan teburinsa takarda biyu. Ɗaya ta filin ce, da akwatin tawada a buɗe kusa da ita. Ɗayar kuwa ta ɗan Delu ce, takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumar ne, wadda in babu ita ba zai shiga jami'a ba, kuma sa hannun Ciyaman kaɗai take jira. Ya cire murfin biro ya ajiye a kanta, ya jingina da kujera.

In ta kawo nan muryarta takan yi ƙasa, ta daina kallonmu, ta koma kallon wutar. Sai ta ce isha'i ta yi, ta miƙe ta tafi alwala. Washegari kuma ta ɗauko labarin daga wani wuri daban, ta sake dawo da ƙarti da taɓarya, mu yi sati biyu kafin mu sake isa ofis.

Abin yana ƙona mini rai. Na tambaye ta ko a Indiya ma akwai irin wannan takardar, ta ce ko'ina akwai. Na tambaye ta sunan ɗan Delu, tunda kowa a labarin ta sa masa suna har da akuyar maƙwabta, ta ce, "Ba a faɗa." Na ce ai na san ƙarshen, Delu za ta fasa teburin nan da taɓarya ta ƙwace takardar ɗanta.

"A bakin ƙofa aka karɓe taɓaryar," in ji ta. "Ba a shiga ofis da ita."

"To me ta yi, Kaka?"

"Ki ƙara girma, Takwara. Hausarki ba ta kai wurin ba tukuna."

Na lura duk lokacin da muka isa ofis takan dinga goga babban yatsanta na dama a jikin zaninta, a hankali, kamar mai son cire wani abu. Na kuma san wani abu game da yatsan, don ni nake ɗaura mata leda in ta sa lalle. Daga Kano take zuwa da lallenta, duk sati biyu ta kwaɓa, ta shafe tafin hannu da yatsu tara, ta bar wannan guda ɗaya fari. Na taɓa ɗebo lallen zan shafa masa, ta janye hannu ta ce, "Bar shi, wannan ya riga ya sha nasa." Na ɗauka irin camfin tsofaffi ne, ban sake tambaya ba.

A zuwanta na uku na shiga shekara goma sha uku, shekarun da mutum ke jin kunyar duk abin da ya fito daga gidansu. Wata safiya ta yi mini ɗanwake ta zuba a kwano in tafi da shi makaranta, ni kuma na bar shi a kan tebur da gangan, don na gaji da tambayar mene ne wannan. Ina tsaye a layin shiga bas sai na ji ana ƙwala kira, "Takwara! Takwara!" Na juya, ga Kaka tana tako ƙanƙara da silifas da safa, ta ɗora babbar rigar sanyin Abba a kan zani, ta riƙo kwanon da hannu biyu. Duk yaran bas ɗin suka manne da taga. Na karɓa na shige bas. Sati guda ana kwaikwayon kiran nan a bayana a makaranta, ni kuma na huce a kanta, na daina yi mata Hausa kwata-kwata. In ta yi magana in ɗaga kafaɗa. Ba ta kai ƙarata wurin Abba ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ana gobe za ta koma, akwatunanta na jingine a bakin ƙofa, ta idar da magariba ta zauna a kan darduma. Ta ce, "Takwara, hura mana wutar ƙarya. Yau Delu za ta fito daga ofis."

Na danna makunnin, na koma kan kujera na buɗe littafin lissafi, na sha kunu. Wallahi ina son jin ƙarshen nan kamar me. Amma na riga na hau, kuma ban san yadda ake sauka ba.

"Ga baƙuwa a ƙofa," in ji Kaka.

Sadik ya yi tsalle ya amsa. Ta shafa kansa ta ce, "Madalla, maigida, amma yau ba kai take jira ba." Ta sake faɗa. Na juya shafi. Ta faɗa a karo na uku, a hankali, har da ɗan wasa a muryar, irin na mai ba ka hanyar da za ka dawo ba tare da ka ji kunya ba. Ni kuwa na ɗago na ce mata, da Turanci, na gaji da labarin da ba ya ƙarewa, kuma ba wanda yake buƙatarsa a nan.

Ba ta jin Turanci, amma ba sai an fassara mata ba. Ta ɗan zauna tana kallon wutar. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta taka zuwa bango, ta sa hannu ta kashe murhun da kanta. Wannan ne karo na farko da na ga ta taɓa makunnin. Ta naɗe dardumarta ta hau sama.

Ina makaranta Abba ya kai ta filin jirgi. Bayan haka sai gaisuwa ta waya, da irin katin nan da ake kankarewa, layi na tsinkewa, kowa na jiran a miƙo masa. "Takwara, kina lafiya? Ya karatu?" Ina amsa mata da Hausa yanzu, amma ba a ba da labari irin wannan a cikin minti uku ana ihu. Na ce a raina in ta dawo zan ba ta haƙuri a gaban wutar. Gwiwa ta hana ta zuwa na huɗu, kuma kafin in gama sakandare Allah ya yi mata rasuwa. Ban je jana'iza ba. Na yi kuka, amma kukan da na yi ya fi kama da na wanda ya san abin da ya yi.

Shekaru suka wuce, na gama jami'a, na samu aiki a wani ofis a unguwar Northwest cikin Washington. Wata rana Mama na kwashe tarkace a ɗakin ƙasa ta ci karo da kaset ɗin, har yanzu a cikin ɗankwalinsa. Na karɓe shi kafin ya shiga shara. A Beltsville akwai wani mutumin Gana mai shago da ke juya wa mutanenmu tsofaffin kaset ɗin biki su koma faifai, shi ya yi mini. Na kasa haƙuri har in je gida, na sa shi a kwamfuta lokacin cin abincin rana. Ban yi minti ɗaya ba abokiyar aikina Padma, da teburinta ke kusa da nawa, ta juyo da sauri. Ta ce wannan ai harshensu ne, Telugu, ina na samo shi? Ita ma a Germantown take, don haka muka yi da ita ranar Asabar da rana zan je gidansu ta fassara mini.

Na je da zumuɗi kamar wadda za ta ga Kaka. Mahaifiyar Padma ta kawo mana shayi mai citta ta zauna tare da mu. Aka fara. Ga jan mayafin, ga bos da gashin bakinsa, har na yi dariya don Kaka ba ta ƙara masa ko gashi ɗaya ba. Amma daga nan komai ya rabu. Jarumar 'yar sanda ce, da wani minista take faɗa kan satar zaɓe, motoci na kamawa da wuta, mutane na tashi sama. Babu asibiti, babu matan da suka ɗebo yashi, babu taɓarya. Akwai dai wurin da ya kira ta ofis ya tura mata takarda, ta yayyaga ta watsa masa a fuska, kuma a ƙarshe ta ja shi a ƙasa har gaban alƙali jama'a na tafi. Sau uku ina tambayar Padma ina ɗan jarumar. A na ukun mahaifiyar Padma ta yi dariya ta ce ko aure ba ta yi ba, wane ɗa?

Na dawo gida ina jin kamar an yi mini wayo. Washegari bayan la'asar na samu Abba a falo yana duba jarida, na ce masa ashe Inna shirya mana fim ɗinta ta yi. Ina dariya nake ba shi labarin Delu, don shi bai taɓa ji ba, kullum kafin ya dawo an tashi. Yana murmushi a wurin ƙarti da buhun shinkafa. Da na zo kan ungozoma da gidan mai sai murmushin ya tafi. Da na kai ofis ya cire tabarau ya ajiye.

"Mamana, sake faɗa mini wurin takardun nan biyu."

Na sake. Ya tambaye ni wane suna ta sa wa yaron. Na ce ta ce ba a faɗa. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa, na gane tun kafin ya yi magana.

"Wata biyu na yi ina zarya sakatariya," ya ce, "kullum a ce mini Ciyaman bai zauna ba, ga lokacin rajista na ƙurewa. Rannan Inna ta ɗauki mayafi ta fita. Ta dawo ta ajiye takardar a kan tabarmata, ta shige ɗaki. Ni kuwa murna ta hana ni tambaya."

"Abba, ta dangwala?"

"Ta dangwala. Kafin sati ya zagayo sauran matan duk sun bi, tunda ita suke kallo."

Ya ce kafin ya dawo hutun farko an rushe asibitin. Mata suka koma neman mota zuwa birni in naƙuda ta zo da gardama, kuma ba duka suka isa ba. Kaka ba ta sake karɓar haihuwa ba har ta mutu. Ta tattara ta koma Kano wurin ƙanenta. Shi kansa ba daga bakinta ya ji ba, wata mata ce ta tare shi a kasuwar garin ta ce masa, "Au, kai ne ɗan takarda?" Tsakaninsa da Inna ba su taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Ya ce ta yaya za ta faɗa masa, matar da ko sunansa ba ta iya kira? Daga nan ya mayar da tabarau ya ɗauki jaridar, amma na ga a juye ya riƙe ta.

Da ina yarinya na ɗauka darasin labarin shi ne mace ta zama kamar Delu, ta riƙe taɓarya, kada ta ji tsoron mai gashin baki. Yanzu na ga Kaka ta ari fim ɗin ne kawai. Ta yi ta kallon wata mace tana yaga takarda a fuskar mai mulki, a harshen da ba ta ji, sai ta zuba nata labarin a ciki, ta ɗauko shi ta tsallako da shi teku tana neman wanda za ta sauke wa. Ɗanta ba zai yiwu ba. Sai ni, mai sunanta, kuma sai da ta yi sanyi uku tana koya mini harshen da zan iya ji da shi.

Ban san wane ƙarshe ta shirya mini a yammacin nan ba. Wani lokacin nakan ce wataƙila za ta bar Delu ta yi nasara ne, ko sau ɗaya. Amma na fi zaton gaskiya za ta faɗa, tunda ita da kanta ta sa aka karɓe taɓaryar a bakin ƙofa. Ba zan ce ta yi daidai ba, akwai matan da ba su isa birni ba, kuma ita ta fi kowa sanin sunayensu. Ba ni da bakin cewa ta yi kuskure kuma. Jami'ar Abba, aikinsa, gidan nan, makarantar da na yi, duk daga wannan yatsan suka fito, har Turancin da na rufe mata baki da shi. Abin da ke cin raina ba rashin jin ƙarshen ba ne, ai na ji shi. Ita ce ba ta samu ta faɗa ba, ta koma da kayanta yadda ta zo da su.

Ina kewarta ƙwarai, kuma kewar ba ta raguwa. Iyayena na nan a gidan, murhun ma na nan, itatuwansa ba su ƙare ba kamar yadda ta faɗa. In na je musu a lokacin sanyi, bayan magariba nakan shimfiɗa darduma a wurin da take zama, in danna makunnin. Ranar da na fara yi ban san Abba na tsaye a kan matakala ba. Na dubi ƙofa na ce, "Ta shigo, an yi mata shimfiɗa." Bai tambaye ni da wa nake ba. Ya sauko a hankali ya zauna a ƙasa, a gefen dardumar, ya bar mata wurinta.